Yadda ake kafa soket a waje: inda damshi ke kaiwa da inda ruwa ke duka

Mafi yawan soket ɗin waje da ake kira na in gyara, da rani aka kafa su. Mai gida ya sayi firiza zai ajiye a baranda, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ko uwargida ta samu injin markaɗe, sai a huda bango a jawo waya daga ɗaki, a manna farin soket irin na cikin gida. A watan Maris babu abin da zai nuna akwai matsala. Sai an shiga Agusta, ruwa ya zo da iska, sannan a fara jin wuta a jikin bango ko a kan famfo. Wannan bayani na wanda ya fara koyon wayarin ne, da mai gidan da yake son ya san abin da zai nema a wurin mai yi masa aiki. Soket ɗin waje yana tsayawa ne a kan abu 3: murfin da ya dace da wurin, na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa, da wayar ƙasa ta gaskiya. Idan ɗaya ya ɓace, aikin bai cika ba.

Kayan da za ka tanada

Soket na waje mai murfi da robar hana ruwa, mai amfiya 13. Na'urar RCD, wato mai yanke wuta idan ta fara zurarewa, ko RCBO, wadda ta haɗa RCD da bireka, mai miliamfiya 30. Bireka mai amfiya 16 ko 20. Wayar tagulla mai lambar girma 2.5 guda 3, wato layif mai kawo wuta, da nitiral mai mayar da ita, da ta ƙasa. Bututun roba mai kauri mai faɗin milimita 20, da gwiwoyinsa, da gam ɗinsa, da maƙalan da ke riƙe shi a bango. Giland, wato notin roban da ke matse waya a bakin akwati. Silikon. Sukurori marasa tsatsa da robobinsu na bango. Idan wayar za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai ka ƙara kebul mai sulken ƙarfe da giland ɗinsa na tagulla, da yashi, da tef ɗin gargaɗi.

Na hannu kuma: sukudireba mai rufin roba, filaya, abin fere waya, injin huda bango, tef ɗin awo, lebur, mitar awon wuta mai waya 2, da abin gwada soket mai fitilu. Mega, mai auna ƙarfin rufin waya, yana da tsada ga mai koyo, amma ana aro a wurin maigida ko abokin sana'a. Idan babu injin huda, kurfi da guduma za su yi, sai dai ka toshe ramin da siminti daga baya.

Kafin ka biya kuɗin waya, kankare bakinta da wuƙa. Idan ka ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye ta. Wayar 2.5 mai tsinke ɗaya kaurinta ya kusa milimita 1.8, wadda ta gaza haka sunan kawai ta ɗauka. A Najeriya ka duba tambarin NIS na SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin naɗin.

1. Tantance wurin: mai damshi ne ko mai jiƙa

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace, tun ba ka taɓa waya ba. Kundin dokar wayarin na Amurka, NEC, wanda ake sabuntawa duk shekara 3, ya raba wuraren waje kashi 2 a sashe na 406.9, kuma rabon yana da amfani a ko'ina ake ruwan sama, ko da wutarsu bolt 120 ce tamu 230.

Wuri mai damshi shi ne wanda rufi ya kare shi, ruwan sama ba ya dukansa, ruwan da ke gangarowa ba ya bi ta kansa, amma raɓa da laima suna kaiwa. Misali can cikin baranda mai faɗi, ko zauren da babu ƙofa. A irin wannan wuri dokar ta yarda da soket mai murfin da ke hana ruwa idan an rufe shi, wato lokacin da ba a soka komai ba.

Wuri mai jiƙa shi ne wanda ruwa ke duka kai tsaye, ko ake fesa ruwa a wurin: bangon tsakar gida, jikin katanga, gindin tanki, bakin rijiya, wurin wankin mota, wurin alwala. Nan dokar ta ce dole murfin ya hana ruwa ko an soka fulogi ko ba a soka ba. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa. Mutum ya sayi soket mai ɗan murfi, ya soka fulogin firiza, murfin ya tsaya a ɗage wata da watanni, ruwa yana zuba a kan ƙafafun fulogin kamar ba a sa komai ba.

Yadda nake tantancewa: ina tsayawa a inda za a kafa, in ɗaga kai in dubi bakin rufin. Idan nisan da rufin ya fito daga bango bai kai tsayin da ke tsakanin soket ɗin da bakin rufin ba, na ɗauke shi wuri mai jiƙa. Wannan ba rubutacciyar doka ba ce, awo ne na aiki, domin ruwan farkon damina a ƙasarmu a karkace yake zuwa, kuma galibi hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon da ke kallon gabas shi ya fi shan duka. Sannan ina duba jikin bangon. Inda fenti ya kumbura, ko gansakuka ta yi kore, ko aka ga layin laka da ruwa ya fantsama daga ƙasa, bangon ya riga ya gaya maka inda ruwa ke kaiwa. Tambayi matan gidan ma, su suka san inda ake shanya, inda ake wanke-wanke, da inda ruwa ke kwanciya. Idan ka yi shakka, ɗauke shi mai jiƙa. Bambancin kuɗin kaɗan ne.

Kada ka kafa a ƙarƙashin indararo, ko inda ruwan tanki ke zuba idan ya cika, ko ƙasan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga. Game da tsayi, ni ba na sauka ƙasa da santimita 60 daga daɓe, kuma a gidan da ke da ƙananan yara ko tsakar gidan da ruwa ke taruwa, nakan kai mita 1.2. A wurin alwala da bakin famfo ka matsa gefe, yadda mai jiƙaƙƙen hannu da ke tsaye a cikin ruwa ba zai miƙa hannu ya taɓa shi ba.

2. Karanta lambar IP kafin ka saya

A shago za a ce maka kowane soket mai murfi na waje ne. Kada ka tsaya a maganar baki, juya shi ka nemi haruffan IP da lamba 2 a bayansu. Wannan awo ne na duniya, daga ƙa'idar IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce da abubuwa masu tauri: 4 na nufin abin da ya kai milimita 1 ba zai shiga ba, 5 ƙura kaɗan ce ke shiga, 6 ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 4 fantsama daga kowane ɓangare, 5 feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa na ɗan lokaci.

A wuri mai damshi IP44 shi ne mafi ƙaranci. A wuri mai jiƙa ka nemi IP65 ko IP66, kuma ka tabbatar murfin yana rufuwa har ya yi ƙaras alhali fulogi yana ciki, wayar ta fito ta ƙasa tsakanin lebunan roba. Tafi shagon da fulogin da za a riƙa amfani da shi ka gwada a gaban mai kaya. Wasu fulogin suna da ƙaton kai, murfin ba ya hawa kansu. Ni ko a baranda IP66 nake so, saboda ƙurar hunturu. Ƙura tana taruwa a cikin soket, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama laka mai ɗaukar wuta tsakanin tashoshi, wato wuraren da ake ɗaure wayoyi.

A Najeriya da Gana soket mai rami 3 masu kusurwa irin na Ingila ake amfani da shi, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma an fi samun mai zagayayyen rami irin na Faransa. Lambar IP ɗaya ce a duka. Abin da za ka guje wa shi ne soket ɗin Amurka da ake samu a kayan gwanjo, mai maɓalli 2 a fuska. An yi shi ne don bolt 125, wutarmu za ta ƙone shi.

Amfiya 13 a kan bolt 230 yana ɗaukar kusan wat 3,000. Famfon rijiya babba, ko injin walda, ko duk abin da zai zauna a haɗe kullum, bai kamata ya hau wannan soket ba. Ka sa masa makunnin waje mai juyawa, ko shuɗin soket na masana'antu mai amfiya 16 ko 32.

Idan ba ka samu soket mai IP66 ba a garinku, sayi akwatin roba mai ƙofa da robar baki mai IP65, mai zurfin da zai ɗauki soket da fulogi, ka kafa soket na gida a cikinsa, wayoyi su shiga su fita ta ƙasa da giland. Leda da tef da gwangwanin da aka kife ba su cikin zaɓi.

3. Na'urar RCD

Bireka waya take karewa. Ba ta motsi sai wuta ta wuce amfiya 16 ko 20 da aka rubuta a jikinta. Jikin mutum kuwa, idan fata ta jiƙe kuma ƙafa tana ƙasa babu takalmi, juriyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba bolt 230 da 1,000, ka samu miliamfiya 230, wato ƙasa da rubu'in amfiya ɗaya. Wannan ya isa ya rikita bugun zuciya, alhali bireka ba ta ma san an yi ba. Tun daga wajen miliamfiya 10 hannu ke fara maƙalewa ya kasa sakin abin da ya kama.

RCD tana aiki kamar makiyayin da ke ƙirga dabbobi a ƙofar garke, da fita da dawowa. Wutar da ta fita ta layif dole ta dawo ta nitiral cif. Idan wani abu ya ɓace a hanya, ta bi ta ruwa ko ta jikin mutum zuwa ƙasa, har gibin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda aikinmu a Najeriya ya gaji tsarinta, ta wajabta RCD mai miliamfiya 30 ga soket na amfanin jama'a da kayan da ake ɗauka a yi aiki da su a waje, har zuwa amfiya 32. A Amurka irin tasu sunanta GFCI, tana yankewa a wajen miliamfiya 5.

Ga inda masu koyo ke ruɗewa. A fuskar na'urar akwai lamba 2. Wadda ta ce 40A ko 63A nauyin da za ta iya ɗauka ne. Wadda ta ce 30mA ko 0.03A ita ce ta ceton rai. Gidaje da yawa suna da mai 100mA ko 300mA a babban akwati, mai gida kuma ya saki jiki yana ganin an kare shi. Waɗannan don gobara aka yi su. Ga soket ɗin waje 30 ake nema.

Abin da ya fi shi ne ka ba soket ɗin waje layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, a kan RCBO, wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD a jiki ɗaya. Idan ruwa ya shiga, layin waje kawai zai mutu, gida ba zai shiga duhu ba. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin na ga gidajen da RCD ɗaya ta riƙe duk gida, ta riƙa faɗuwa duk daren da aka yi ruwa, har aka gaji aka cire ta aka haɗa waya kai tsaye. Idan babu RCBO, ka sa RCD mai ƙafa 2 tare da bireka a ƙaramin akwati kusa da babban, a cikin gida. Layif da nitiral na wannan layi duka su bi ta cikinta, kuma kada nitiral ɗin ya haɗu da na wani layi bayan ya fita, in ba haka ba za ta riƙa faɗuwa babu dalili. Idan kuɗi bai kai ga ko ɗaya ba, a dakata da aikin har a samu. Ni ba na kunna soket a waje babu RCD, ko gidan ɗan'uwana ne.

4. Tabbatar da wayar ƙasa

Buɗe akwatin rarraba wuta ka bi wayar ƙasa da ido har inda ta ƙare. Sau da yawa za ka tarar ta tsinke a gindin bango, ko matsewar da ke kan sandar ta rube. Idan babu sanda, a buga ta tagulla mai tsawon aƙalla mita 1.2 a inda ƙasa ke riƙe laima, a bar kanta a cikin ɗan rami mai murfi yadda za a iya dubawa. Wayar da za a binne kai tsaye zuwa sandar, mai rufi, mai lambar girma 16, ake sawa. Ƙa'idar Birtaniya ta yi gargaɗin cewa juriyar sanda da ta wuce om 200 ba abin dogaro ba ce, kuma a ƙasa mai yashi da rani awon yana hawa sosai. Idan haka ne a ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko da aƙalla tsawonta, a haɗa su. Gishirin da ake zubawa a ramin yana saukar da awo na ɗan lokaci, amma yana cin sandar.

Akwai wata dabara da nake roƙonka kada ka koya: ɗaukar guntuwar waya a haɗa nitiral da tashar ƙasa a bayan soket, don abin gwaji ya nuna komai daidai. Ranar da nitiral ya tsinke a hanya, ko aka juya wayoyi a kan falwaya wajen gyara, jikin firizar nan gaba ɗaya zai zama layif.

5. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

An ɗauke wuta ba ya nufin an kashe ta, tana iya dawowa hannunka na cikin akwati. Sauke babban makunni, mayar da canjoba, wato makunnin sauya wutar gari da ta janareta, tsakiya, kashe inbata ka cire layinta, ka tabbatar ba wanda zai tayar da janareta. Manna takarda a kan makunnin, ka kuma faɗa wa mutanen gida da baki. Sannan ka gwada mitarka a kan wutar da ka san tana da rai, ka auna layif da nitiral, layif da ƙasa, nitiral da ƙasa a inda za ka yi aiki, ka sake gwada mitar. Testa mai fitila ba ta isa ba, a hasken rana ba a ganin ƙyallinta sosai, kuma takan yi shiru idan kana tsaye a kan busasshen katako.

Haɗin cikin babban akwati aikin wanda ya ƙware ne. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaida, kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin kafa kayan lantarki a 2015. Idan kana koyo, yi sauran aikin, ka bar wannan sai maigidanka yana tsaye.

6. Jan waya

Idan soket ɗin a bayan bangon ɗaki yake, huda bangon a karkace, bakin waje ya fi na ciki sauka kaɗan, don ruwa ya gangara waje. Zura guntun bututu a ramin, waya ta bi ta ciki, ka toshe gefensa da silikon.

Idan wayar za ta bi jikin bango, ta kasance cikin bututu mai kauri, a shafa gam a kowace mahaɗa, a riƙe shi da maƙali duk kamar rabin mita, domin zafin rana yana sa shi lanƙwasa. Bi ta gefen inuwa idan akwai. Siririn bututu mai araha rana tana busar da shi ya farfashe. Kada ka bar farar waya ta cikin gida tsirara a rana, kuma kada ka yi haɗi a cikin bututu. Dokar Amurka tana lissafa cikin bututun da ke waje ko ƙarƙashin ƙasa a matsayin wuri mai jiƙa, kuma duk wanda ya taɓa zaro waya daga tsohon bututu ya ga ruwan da ke biyo ta ya san gaskiya ne. Haɗin da aka naɗe da tef a can ciki shi ne zai fara zurar da wuta.

Zuwa gindin tanki ko rumfar da ke nesa, a bi ta ƙasa da kebul mai sulke. Haƙa rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60, ka ƙara zurfi inda mota ke bi ko ake noma. Shimfiɗa yashi, kwantar da kebul, rufe da yashi, ka cika rabin ramin, ka shimfiɗa tef ɗin gargaɗi, sannan ka ƙarasa. Sulken dole a haɗa shi da wayar ƙasa ta giland ɗin tagulla, don idan diga ta sare shi wuta ta yanke nan take. Idan babu mai sulke, sa kebul mai rufi biyu a cikin bututu mai kauri, ka jera bulo ko falankin siminti a kansa kafin ka rufe. Ɗauki hoton ramin da wayar hannunka kafin a binne, ka ba mai gida.

Nisa ma yana da lissafi. Wayar 2.5 tana zubar da kusan milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita. A kan amfiya 13, kafin ka kai mita 50 ka rasa bolt 11.5, wato kashi 5 cikin 100 da aka yarda. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni tun asali, ni daga mita 30 nake hawa waya 4, musamman idan inji ne zai hau.

7. Kafa akwatin

Cire fuskar soket ɗin ka ajiye ta inda robar bakinta ba za ta kwashi yashi ba. Ɗora akwatin a bango da lebur, maratayin murfin yana sama. Nemi wurin da bangon yake sumul, domin idan ka matse akwatin roba a kan bango mai tudu da kwari zai murɗe, robar ba za ta zauna daidai ba. A ginin ƙasa sukuru ba ya kamawa, sai ka dasa ƙarfe ko ɗan ginshiƙin bulo ka kafa a jikinsa.

Shigar da waya ta ƙasa. Ramin sama, komai silikon da ka shafa, wata rana zai buɗe. Idan wayar daga sama ta sauko, wuce da ita gefen akwatin, ka lanƙwaso ta ta shiga ta ƙasa, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar. Matse giland har sai ka ja wayar ba ta motsa ba. Ramin da aka fasa ba a yi amfani da shi ba a toshe da marfinsa. Zanzaro yana son irin wannan rami. Na buɗe soket na tarar da gidansa na laka ya cika tsakanin tashar layif da ta ƙasa, sukurorin tagullar sun yi kore, ga wani baƙin layi siriri a jikin robar inda wuta ta riƙa bi tana ƙonawa a hankali.

Rufe kan sukurori da 'yan marafan da ke zuwa cikin kwali. Shafa silikon a sama da gefe 2 inda akwatin ya haɗu da bango, ka bar ƙasa a buɗe don abin da ya shiga baya ya samu mafita. Wasu akwatunan suna da alamar ramin tsiyaya a ƙasa, ka huda shi kawai idan takardar kamfanin ta ce a huda.

8. Haɗa wayoyi

Ja ko ruwan ƙasa shi ne layif, ya tafi L. Baƙi ko shuɗi nitiral, ya tafi N. Kore, ko kore da rawaya, ya tafi E. Bi haruffan da ke bayan soket ɗin, kada ka bi hagu da dama, domin ta baya a juye suke. Fere daidai abin da zai shige ramin, kada tagulla ta leƙo. Matse, ka ja kowace waya ka ji ta kama. Bar wayar ƙasa ta ɗan fi sauran tsawo, don idan an fizge kebul ita ce za ta saki a ƙarshe. Wajen mayar da fuska, duba robar ta kwanta a layinta, waya ba ta shiga tsakani ba, ka matse sukurori kaɗan-kaɗan kana zagayawa.

9. Gwaji

Tun wuta na kashe, auna daga tashar ƙasa ta soket zuwa ta babban akwati, mitar ta nuna hanya a haɗe take da juriya kaɗan. Sa mega a kan bolt 500 tsakanin wayoyi, bayan ka cire layin daga RCD don kada ka lalata ta. Mafi ƙarancin da aka yarda shi ne megom 1, wato om miliyan 1, sabon aiki kuwa ya kamata ya nuna fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan ya tsaya kusa da 1, an ji wa waya ciwo wajen ja.

Kunna wuta, soka abin gwada soket ka ga layif da nitiral ba su juye ba. Danna maɓallin T da ke jikin RCD, ta faɗi nan take. Amma wannan maɓalli cikin na'urar kawai yake gwadawa, ba ya gaya maka ko wayar ƙasa tana aiki. Don haka ka gwada daga bakin soket ɗin da abin gwaji mai maɓallin RCD. Idan ta faɗi da T amma ta ƙi faɗuwa daga soket, koma mataki na 4.

10. Maimaita gwajin a kan janareta da inbata

Wannan kusan babu mai yi, alhali gidaje da yawa sun fi daɗewa a kansu. Ƙananan janareta da wasu inbata nitiral ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, don haka RCD da ta yi aiki lafiya a kan wutar gari tana iya ƙin faɗuwa idan an juya canjoba. Juya zuwa kowanne ka sake gwadawa daga bakin soket. Idan ta ƙi, ana gyara shi ne a wurin janaretan ko inbatar, bisa abin da takardar kamfanin ta nuna, kafin wuta ta iso RCD ba bayan ta wuce ta ba, kuma ƙwararre ne zai yi. Canjobar ma ta kasance mai yanke layif da nitiral tare.

Kafin ka tafi, kira mai gida da wanda zai riƙa amfani da soket ɗin ka nuna musu yadda murfin ke rufuwa a kan fulogi. Gaya musu su danna T duk wata 6, ɗaya daga ciki ya faɗo kafin ruwan farko, a kuma duba robar murfin a lokacin, idan ta bushe ko ta tsage a canza. Idan RCD ta faɗi bayan ruwa, a cire fulogi a sake ɗaga ta. Ta tsaya, laifin na kayan da aka soka ne. Ta sake faɗuwa, a bar ta a ƙasa a kira ka. Kuma ka hana su soka doguwar waya mai bakuna da yawa su yar da ita a tsakar gida. Idan wurin aikin ya yi nisa da soket ɗin, a ja layi a kafa na biyu a can, a kan RCD ɗin nan.